Fallayen Kawu Bayan Ruwa

Warin jiƙaƙƙiyar takarda da na fatar gafaka ne ya cika ɗakin Kawu ranar da Ustaz ya zo. Tun da hantsi Inna ta turara ɗakin har sau biyu, amma turaren bai kori warin ba, sai ma suka gauraya. Har yau in na shiga inda aka ajiye littattafan da suka taɓa shan ruwa, Makka ce ke faɗo mini a rai, da wannan ɗan ɗaki namu na unguwar Mansur.

Mu uku ne a gidan: ni, da Inna, da yayanta wanda nake kira Kawu. Mahaifina ya rasu tun muna Sudan. Malami ne, shi ya fara koya mini karatu kafin a sa ni makarantar 'yan mata a Omdurman. Bayan rasuwarsa muka ƙetaro teku, Kawu ya biyo mu don kada ƙanwarsa ta zauna ba namiji a gida. Ya buɗe ɗan shago a bakin titi yana sayar da zare da turare, Inna tana dafa abinci a Arfa lokacin aikin Hajji, ni kuma ina koya wa 'yan matan maƙwabta karatu da safe. A ƙarshen shekarun sittin ke nan, ina da shekara ashirin da ɗaya.

Kaɗan ne a Mansur suka san Kawu makaɗi ne. Da goge ya fara tun yana ƙarami, daga baya ya koma kamanja, wato gogen Turawa mai tsirkiya huɗu, ya kuma koyi rubuta kiɗa a takarda wajen wani tsohon Bature a Khartum. Da muka zo Makka sai ya rufe kamanjar a akwati, don ba gari ba ne da ake ɗaga sautin irin wannan abu. Rubutun ne bai bari ba. Bayan azahar, in kasuwa ta mutu, yakan zauna ya ja layuka biyar-biyar a takarda, ya zuba ɗige-ɗige masu wutsiya a kansu, leɓensa na motsi. Kiɗa uku ya rubuta masu tsawo, kowanne na mutum huɗu: kamanja biyu, da wata da ta ɗan fi su kaurin murya, da babbar da ake tsayarwa a ƙasa tsakanin gwiwoyi. Ya taɓa ce mini hira ce ta abokai huɗu, wani ya kawo magana, wani ya musa, wani ya yi shiru yana jiran lokacinsa. Ban taɓa jin hirar ba. Ina dai kallon ɗige-ɗigen ina ganin kamar tsuntsaye ne a kan wayar lantarki.

Shekara biyu kafin zuwan Ustaz ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da Kawu. Hannun dama ya mutu, magana ta tafi. Abin da ya rage masa salati ne, da "a'a", da "madalla". Kunnensa da hankalinsa kuwa garau.

Sai kuma ruwa. Saura kamar wata guda a hau Arfa aka yi ruwan da tsofaffin unguwa suka ce sun daɗe ba su ga irinsa ba. Da rana tsaka ya gangaro daga duwatsu, ya bi titi kamar rafi, ya shigo ɗakunan ƙasa. Maƙwabta suka ɗauke Kawu a tabarma suka hau da shi sama. Ba wanda ya tuna da gafaka ukun da ke ƙarƙashin gado, jakunkunan fatar da Kawu ke ajiye kiɗansa a ciki, sai da muka ga takardu suna yawo a tsakar gida. Matan gidan suka shiga ruwa har gwiwa suna tsinta, suka shanya a kan rufi, suka danne kowane falle da tsakuwa. Allah ya saka musu. Kawu ya yi rubutun da tawadar kwalba wadda ruwa ba ya wankewa, don haka ɗige-ɗigen suna nan. Sai dai da aka tattara, kiɗa ukun nan sun zama tuli ɗaya, ba a san gaba ba, ba a san baya ba. Kawu ya dubi tulin, ya juya fuskarsa bango. Kwana biyu bai ci abin kirki ba.

Ustaz tsohon almajirin Kawu ne a harkar kiɗa, Bahaushen Sudan, yana koyarwa a wata makaranta a Khartum. Tun bara ya rubuto cewa zai zo Hajji, kuma yana son ya tafi da aikin malaminsa a buga shi littafi, daidai yadda aka rubuta. Ya iso gidanmu bayan an sauko daga Arfa, saura kwana tara jirgin ruwansu ya tashi daga Jidda. Dogon mutum ne mai furfura a gefen kai, Hausarsa rabi Larabci. Ya durƙusa ya sumbaci hannun Kawu na hagu, suka daɗe a haka. Ni ina bayan labulen da ya raba ɗakin da rumfar da muke girki.

Da ya zare igiyar tulin ya ɗaga falle ɗaya, ya juya shi, ya ɗaga wani, sai na ji ya ce, "Malam, ina lambar shafi?"

Kawu ya yi wannan dariyar tasa ta rabin baki.

"La haula. Ko ɗaya babu? Hajiya, ko ruwa ne ya cinye gefen?"

"Ruwa bai ci komai ba," in ji Inna. "Yaya bai taɓa ƙirga abu ba a rayuwarsa. Ko zaren shagonsa ni nake ƙirga masa."

Kwana uku Ustaz ya yi yana fama. Yakan zo bayan ya yi asuba a Harami, ya baje fallayen a tabarma, ya ɗauki ɗaya ya rera a hankali, ya nemi wanda zai bi shi. Ya ce da kiɗan wani ne da ya gama tuni, domin yawancin makaɗa in sun ɗauki hanya ka san inda za su ɓulla. Na Kawu ba haka yake ba. Sai ka zaci zai sauka ya hau, sai ka zaci ya gama ya buɗe wata ƙofa. Falle ɗaya yakan dace da uku, ko kuma ya ƙi dacewa da kowanne. Ya gwada nuna wa Kawu biyu-biyu, amma idon Kawu kan gaji da wuri, ya rufe shi yana numfashi sama-sama. A rana ta uku da la'asar fallaye goma sha ɗaya kawai aka jera, su ma Ustaz bai rantse a kansu ba.

Kiɗa na farko ne kaɗai Ustaz yake da madogara a kansa, shi ya sa ya iya ware fallayensa gefe. Kafin Kawu ya bar Sudan ya ara masa shi na mako guda, ya kwafe a littafinsa, kuma shekara goma ke nan shi da abokansa uku suna kaɗa shi a can. Kawu bai taɓa jinsu ba. A rana ta huɗu, don ya faranta wa mara lafiya rai, Ustaz ya roƙi a fito da kamanjar daga akwati. Ya karɓi maƙalin shanya na katako wajen Inna ya maƙala a inda tsirkiyoyin suka hau, don kada sauti ya fita titi. Ya ɗaure tsirkiya, ya fara.

Wannan ne farkon jin kiɗan Kawu a kunnena. Siriri ne, kamar mutum yana magana a ɗaki na gaba. Na saki abin da ke hannuna. Yana cikin tafiya sai ya maimaita wani ɗan guntu sau biyu, kamar mai taka matakala ɗaya da ƙafa biyu, sannan ya wuce. Can gaba ya sake yin haka.

Kawu ya bugi tabarma da hannun hagu. "A'a."

"Na yi sauri, Malam? Ɗayyib." Ya koma baya, ya ja a hankali. Da ya iso wurin ya sake maimaitawa.

"A'a! A'a!"

"To ko na yi nawa ne?"

"Ko dai shayinsa ne ya huce," in ji Inna daga bakin murhu. "Haka yake yi mini."

Ustaz ya ajiye kamanjar ya shiga yi wa Inna bayani, kamar mai neman wanda zai tsaya masa. Ya ce wannan ɗan maimaicin shi ne hatimin Malam, ba wanda ke yinsa a duniya sai shi. Kiɗan yakan tsaya ya sake taka inda ya taka kafin ya tsallaka, kamar raƙumi a bakin kwazazzabo. Ya ce har darasi yake yi wa ɗalibansa a kai. Kawu yana jinsa, hawaye na bin gefen fuskarsa da ya mutu. Ustaz ya ɗauka hawayen tuna baya ne.

Aikina a kwanakin nan shi ne miƙar da fallayen da suka kanannaɗe. Nakan shimfiɗa ƙyalle a kai in bi da dutsen guga mai ɗumi kaɗan. Ban iya karanta kiɗa ba, abin da na sani kawai shi ne akwai layuka na tsaye da ke raba ɗige-ɗigen gaɓa-gaɓa kamar rake. Ranar, bayan Ustaz ya tafi sallar azahar, ina guga ina tunanin raƙuminsa, sai idona ya tsaya a ƙasan bayan wani falle. Gaɓar ƙarshe ta ɗan ja baya daga 'yan'uwanta, tazarar ba ta fi faɗin ƙwayar shinkafa ba. Na ɗauki wani falle na juya. Haka. Na uku ma haka.

Littattafan mahaifina ba a ɗinke suke ba. Fallaye ne sake a cikin gafaka, ba lamba, kamar na duk malaman ƙasarmu. Mai kwafi in ya kai ƙarshen falle sai ya rubuta kalmar farko ta falle na gaba a can ƙasa, ita kaɗai. Ba a karanta ta, jagora ce. Ina ƙarama in iska ta watsa masa littafi ni yake kira, in zauna ina bin kalma zuwa kalma har littafin ya koma yadda yake. Kawu kuwa tare da mahaifina suka yi karatu a zaure ɗaya kafin kiɗa ya ɗauke shi.

Na riƙe fallen a hannun hagu, na shiga duba saman sauran ɗaya bayan ɗaya, ina ƙirga ɗigo nawa, a kan layi na nawa, wutsiya sama ko ƙasa. A wajen na ashirin da wani abu na same ta, gaɓar nan sak, a layukan mutum huɗun duka. Na juya wannan na dubi ƙasansa, na sake nema. Kafin Ustaz ya dawo ina da fallaye shida a jere a kan cinyata.

Murna ta zo mini tare da tsoro. In abin da na gani gaskiya ne, to hatimin da mutumin nan ya shekara goma yana yabo ba kiɗa ba ne. Na raɗa wa Inna.

"To ki faɗa masa mana."

"Inna, babban malami ne fa. A gaban Kawu?"

"Saura kwana biyar jirgi ya tashi, ke kina nan kina auna girman malami. An ɗinke miki baki ne?" Ta ɗaga murya. "Ustaz, 'yarka tana da magana."

"Bismilla, 'yata."

Na turo fallaye shidan ta ƙarƙashin labule. Na ce ya dubi ƙasan na farko da saman na biyu. Na ba shi labarin littattafan mahaifina, na ƙare da cewa wataƙila ni ce ban gane ba.

Ya ja fallayen gabansa. Ina jin ƙarar takarda kawai, da mai sayar da ruwa yana kira a titi. Na leƙa ta gefen labule na ga ya buɗe littafinsa na kwafi a gefe, yana bin wuraren maimaicin da yatsa, yana duba fallayen kiɗa na farko da ya riga ya ware. Kowane maimaici a ƙarshen falle ya faɗo. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar.

"Ni a makarantar gwamnati na yi karatu," ya ce a hankali, ba da kowa ba. "Ban taɓa riƙe littafin gafaka ba."

Ya ɗauki kamanjar ya koma farkon kiɗan. Da ya iso bakin kwazazzabon nasa sai ya wuce kai tsaye, kiɗan ya zuba cikin na gaba kamar ruwa daga buta. Ni da ban san komai ba sai da na ji bambancin a ƙirjina.

"Madalla," in ji Kawu. Ya sake cewa, "Madalla." Ya ɗaga hannun hagu yana nuna labule.

Ustaz ya fashe da dariya har da riƙe ciki. "Shekara goma, Malam! Shekara goma ina sa mutum huɗu tuntuɓe a gaban jama'a, ana tafa mana! Har na kayar da wani yaro a jarrabawa don ya tsallake wurin."

"Sai ka nemo shi ka ba shi haƙuri," in ji Inna. "Ga shayi, wannan da zafinsa."

Ban taɓa mance yadda ya karɓi abin ba. Na san malamai da yawa da za su ce yarinya ta koma wajen gugarta. Shi kuwa ya juyo wajen labule ya ce, "'Yata, daga yau ke ce gaba, ni ina bin ki."

Haka muka yi kwana biyar. Na sallami ɗalibaina na mako. Ina bayan labule ina haɗa gaɓa da gaɓa, in na sami biyar ko shida in tura. Shi zai bi su da ido, ya kaɗa mahaɗar a kamanja, in Kawu ya ce madalla sai ya sa lamba da fensir a kusurwa, ƙarama, ba ya dannawa. Wani lokaci gaɓa ɗaya takan dace da fallaye biyu, domin Kawu ya sake rubuta wasu wuraren bai yar da na farko ba. Nan sai Ustaz ya kaɗa duka biyun, Kawu ya zaɓa. Abin da ya ba ni mamaki, wanda aka ƙi ma sai ya rubuta shi a littafinsa, da bayanin inda aka same shi da irin takardar. Na tambaye shi amfanin ajiye abin da mai shi ya ce a'a.

"Saboda wanda zai zo bayana," ya ce. "Wataƙila ya ga abin da ban gani ba. Shekaranjiya ma ai na tabbata na san komai."

A kiɗa na uku muka sami giɓi. Wani falle ya nuna gaɓar da ba ta a saman kowane falle. Na bi tulin sau uku, Inna ta hau rufi ta duba bayan tankin ruwa, ta tambayi matan sama. Ruwa ya tafi da shi. Ustaz ya ce ya san hannun Malam, ga farkon fallen a ƙasan na baya, ga inda aka ɓulla a na gaba, zai iya gina gada a tsakani ya sa alama cewa tasa ce. Ya kaɗa abin da yake nufi. A kunnena ya yi daɗi ƙwarai.

Kawu ya saurara har ƙarshe, ya yi murmushi, ya ce, "A'a."

"To yaya za mu yi, Malam? Mutum huɗu su tsaya tsit a tsakiyar kiɗa?"

Na ce mahaifina in yana kwafi ya tarar an rasa wani wuri, yakan bar fili fari gwargwadon abin da ya ɓata, ya rubuta a gefe cewa haka ya samu. Ustaz ya dubi Kawu. Kawu ya lumshe ido ya gyaɗa kai. Aka saka farar takarda a wurin, aka ba ta lambarta, Ustaz ya kwafe gaɓa ɗayar nan da ta tsira a samanta.

Mun gama ana gobe zai tafi Jidda, tsakanin azahar da la'asar. Tuli ɗaya ya koma uku, kowanne a gafakarsa, Inna ta shafa musu man shanu don fatar ta yi laushi. Ba lokacin kwafi, dole ya tafi da na asalin. Na ji tsoron teku, na ji tsoron wani ruwan. Kawu ne da kansa ya tura gafakan gaban Ustaz da hannun hagu, ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya nuna akwatin kamanjar, ya nuna Ustaz. Ustaz ya ƙi, Kawu ya ce a'a, Inna ta ce ya ɗauka kawai kada su kwana a nan. A bakin ƙofa ya tsaya ya yi wa mahaifina addu'a, mutumin da bai taɓa gani ba.

Da maraicen nan Kawu ya cinye tuwonsa tas, ya nemi ƙari. Ya ƙara shekara ɗaya da 'yan watanni a duniya, kuma ban sake ganin ya juya fuska bango ba.

Littafin ya iso bayan shekara bakwai, a hannun wani alhaji daga Khartum, lokacin ina da aure da 'ya'ya biyu a unguwar Ka'akiyya. Babba ne mai koren bango, ɗige-ɗigen sun jeru tsaf kamar an auna su da ma'auni, farin shafin nan yana wurinsa. A bayanin farko Ustaz ya faɗi kuskurensa dalla-dalla, ya ce 'yar ƙanwar mawallafin ce ta gyara shi. Na karanta wa Inna wurin sau biyu. Ta ce, "Da kin bi ta kunyarki fa?" Na ajiye littafin ina jin daɗin cewa injin ɗab'i ya yi wa Kawu aiki mai kyau.

Sai bayan shekara ashirin da wani abu wata mata ta zo Hajji ta yi ta tambaya a Mansur har aka kawo ta gidana. 'Yar Ustaz ce, shi ya riga ya rasu. Muna shan shayi na ɗauko littafin ina yaba kyan bugun, sai ta dube ni da mamaki. Ta ce ai a lokacin ba maɗaba'ar da ke da haruffan kiɗa a garinsu. Babanta ne ya ja kowane layi ya ɗiga kowane ɗigo da hannunsa, bayan ya taso daga aiki, shafi ɗaya a kwana uku ko huɗu, in ya yi kuskure ɗaya ya sake shafin daga farko. Masu ɗab'i hoton rubutunsa kawai suka ɗauka.